Baturan da Baba Ya Ce Sun Mutu

Mahaifina da harshe yake gwada batir. Haka na buɗi ido na same shi yana yi. Lokacin da nake yaro na tocila ne da na rediyo: zai manna guntun waya a gindin batirin, ya haɗa ɗaya bakin wayar da kan batirin a tsinin harshensa, ya lumshe ido ɗaya. Da wayoyin hannu suka cika gari sai ya koma kan baturansu da mutane ke yarwa. Ya ce su suka fi magana, don da ka ɗora harshe a kan 'yan ƙarafunan bakinsu za ka ji tsami da ɗan tsunkuli. In girarsa ta ɗaga, batir yana da rai. In ya taɓe baki, ya mutu ke nan, babu ɗaukaka ƙara. Kuma tsakani da Allah ba kasafai yake kuskure ba.

Gyaran lantarki ba sana'arsa ba ce. Malamin gona ne, ya yi aikinsa tsakanin fadamun Gummi da ƙauyukan Bukkuyum har ya ajiye aiki ya koma noman shinkafarsa. Sha'awa ce kawai ta kama shi tun yana saurayi ta ƙi sakinsa. A kusurwar zaurenmu akwai wani tsohon ƙyaure da ya ɗora a kan gwangwanaye, shi ne teburinsa. A nan yake haɗa fitilu: gwangwanin madara, ƙananan ƙwayayen fitila da ya ciro daga matattun tocila, makunnin tsohuwar rediyo, sai batirin waya da ya yi wa caji da ɗan allon sola da ke kan rufi. Ƙarfen liƙinsa a garwashi yake ɗora shi, don wutar gari ba abin dogaro ba ce. Masunta sun tafi gulbi da fitilunsa, mai shayin bakin titi yana da guda, akwai wata rataye a wurin alwala na masallacin unguwa. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Wanda ya matsa sai ya biya, sai ya ce a kawo masa mataccen kaya a madadin kuɗi. Inna ta sha faɗa cewa gidanmu ne kaɗai a Gummi ake kawo wa shara har a yi wa mai kawowa godiya.

Ni ma na ɗan kwashi wannan ciwo a wurinsa, ko da yake ban kai shi haƙuri ba. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Anka, in hanya ta yi kyau ina zuwa gida ƙarshen mako, in ba ta yi ba sai in haƙura in buga waya. Da ni da shi mun fi iya magana idan akwai wani abu a kwance a tsakaninmu, rediyo ko fitila. In babu, daga gaisuwa sai labarin damina.

Bayan an yanke shinkafa ciwon ya same shi. Yana tsaye a bakin gona ana ɗaure buhuna, sai ya zauna a ƙasa ya kasa tashi. A asibiti aka ce hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin dama. Allah Ya taƙaita abin, don ya tashi da ƙafarsa. Hannun dama ne ya rage ƙarfi, bakinsa ya ɗan karkace kaɗan, maganarsa ta yi nauyi. Da za a sallame shi likita ya ja ni gefe ya ce magani zai yi nasa, amma kada a bar hannun nan ya zauna haka, kada kuma a bar mai hannun ya zauna haka. Ya tambaya ko akwai abin da yake son yi da hannu. Na ce akwai, har ya yi yawa.

Mu a wurinmu majinyaci kullum da sauƙi yake. Ko mutum yana kan gargara, in aka tambaya, amsar ita ce da sauƙi. Ba a gaya wa babba iyakar abin da ciwo ya ci a jikinsa, ana ganin rashin tausayi ne, har ma rashin tarbiyya. Masu zuwa dubiya za su cika zaure, kowa ya ce ai Malam ya warke, ai bakin ma ya koma daidai, alhali kowa yana gani bai koma ba. Ni mutum ne mai gajen haƙuri da irin wannan, amma ni ma haka na riƙa faɗa, don ban san wata magana da ake yi a wurin ba.

Ranar da Inna ta buga mini waya ta ce ya sa an hura masa garwashi ya zauna a teburinsa, sai da na fita daga aji na tsaya a bayan gini, don kada ɗalibai su ga fuskata. Na ɗauka an gama da wahala.

Ba a jima ba sai labari ya canza. Duk batirin da ya yi wa caji ya ɗora a harshe, sai ya taɓe baki ya jefa shi cikin wani tsohon bokiti da ke ƙarƙashin tebur. Na farko ya mutu, na biyu ya mutu, waɗanda ya ajiye tun kafin ciwo ma sun mutu. Ya ce allon solar ne ya lalace, aka duba, lafiya lau. Ya aika aka sayo masa sababbi fil daga shagon mai kayan wuta da ke bakin kasuwa, mutumin da ya daɗe yana hulɗa da shi, su ma ya ce gawa aka sayar masa, ya mayar da su da kansa tare da maganganu marasa daɗi. Wanda ya san mahaifina ya san ba halinsa ba ne.

Da na zo gida Inna ta kira ni madafa, ta sassauta murya.

"Baturan ga da Malam ka zubarwa, lahiyarsu lau," in ji ta. "Ina shara niɗ ɗauki guda nis sa ga harshena, sai da niz zabura. Harshenai na ba shi jin komi."

Ta ce, "Kak ka hwaɗa mai. Ni dai na gaya maka don ka sani."

Na yi ƙoƙarin bi ta bayan gida. Na shiga zaure na ɗauko ɗaya daga cikin bokitin kamar da wasa, na haɗa shi da ƙwan fitila, ya kama tar. Na ce, "Baba, ku duba, wanga kamar da sauranshi." Ko gezau bai yi ba. Ya ce numfashin ƙarshe ne, kafin la'asar zai dushe, ai ko batirin da ya kusa mutuwa yana kunna ƙwai na ɗan lokaci. Abin haushin shi ne gaskiya ya faɗa. Ƙwan fitila yana nuna akwai wuta, ba ya faɗin yawanta. Shi kuma ƙa'idarsa tun fil azal ita ce ba ya liƙa batirin da harshensa bai amince da shi ba, don kada masunci ya kai tsakiyar ruwa fitila ta ba shi kunya. Yanzu da liƙi ɗaya ke cin masa wuni saboda hannu, ƙa'idar sai ta ƙara tsauri.

"Kayan yanzu duk ƙarya na," in ji shi.

Na ce, "Haka ne, Baba."

Haka kowa ya riƙa ce masa. Maƙwabta suka ce ai su ma sun lura, abokan zamansa suka ce duniya ce ta lalace. Garin Gummi kaf ya yarda batura sun daina aiki don kada a ce harshen Malam ne.

Zuwan da na yi na gaba na tarar an rufe teburin da buhu. Garwashi babu, bokiti ya cika ya kusa zuba. Shi kuma yana kwance a tabarma da rana tsaka, fuskarsa na kallon bango. Ya rame. Da na kama hannunsa na dama don gaisuwa, na ji yatsun sun fara lanƙwashewa ciki, sai da na ɗan buɗe su da nawa. Na tambaye shi fitilar da ya fara haɗa wa wani makiyayi daga Gwashi, ya ce mai ita ya zo ya ɗauki gwangwaninsa. Ya ce mutum ba zai yi ta wahala a kan gawa ba. Tsoro ya kama ni sosai a ranar, fiye da ranar asibiti, don a asibiti yana kokawa, a nan kuwa ya daina.

Ni da Inna muka yi maganar da ba mu taɓa yin irinta ba. Na ce zan sayo masa mita, irin wadda masu gyara ke gwada wuta da ita, mai nuna lamba a fuska. In ya ga da idonsa baturan da rai, zai koma aiki. Ta ce in ya ga baturan da rai, ai ya ga abin da ya mutu ke nan. Ta ce mutumin da ya yi shekaru yana taƙama da harshen nan, a rana ɗaya a nuna masa, wa ya san abin da zai biyo baya ga mai hawan jini. Na ce to shirun da muke yi ina ya kai shi, ga shi nan kwance. Muryata ta ɗaga fiye da yadda ya kamata a gaban uwa. Ta ci gaba da tsince shinkafarta. Can ta ce, "Ubanka na. Allah shi sa alheri." Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba.

Da safe na nufi bakin kasuwa. Shagon mai kayan wutar ƙarami ne, wayoyi sun sauko daga rufi har suna taɓa kan mai shiga. Mutum ne da ya ɗan girme ni, mai yawan shiru. Na shiga da kunya saboda abin da ya faru tsakaninsa da mahaifina, na fara ba shi haƙuri. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce Malam uba ne, da ya dawo da baturan ya karɓa ya ce kamfani ne ya cuce su duka. Ya ce shi tun a ranar ya gane.

Na ce mita nake so, ba mai tsada ba, don aljihun malamin makaranta ba ɓoyayyen abu ba ne. Ya sauko da abin da yake da shi ya jera a kan katako.

Akwai mai allura, irin ta da, wadda tsinke ke yawo a kan layuka. Ba ta da tsada, kuma na san ita ce za ta fi kwanta wa mahaifina a rai don ya taɓa ganinta a hannun masu gyaran rediyo na zamaninsu. Amma layukan ƙanana ne, jere a kan jere, sai ka san wanda za ka karanta. Kuma allura tana barin wurin gardama, mutum zai iya karkata kai ya ce ai ba ta kai ba. Na san da wanda zan yi. Na ture ta gefe.

Akwai wata 'yar ƙarama ruwan ɗorawa mai lamba, wadda ta cika ko'ina, kusan kyauta. Na ɗauka na ji ba ta da nauyi ko kaɗan. Na murɗa abin zaɓin da ke tsakiyarta, ya yi tauri, sai ka riƙe jikinta da hannu ɗaya ka murɗa da ɗayan. Wayoyinta biyu, ja da baƙi, sirara ne, irin waɗanda ke tsinkewa daga ciki ba ka sani ba, mita ta yi ta nuna maka sifili kana zagin batir. Wannan kuwa shi ne abin da ba zan iya kai wa gida ba. In mita ta yi masa ƙarya sau ɗaya, an gama. Ga shi batirin da take ci irin mai kusurwa huɗun nan ne, wanda in ya ƙare sai an yi cigiya. Mai shagon da kansa ya ce ga mai koyo ba laifi, amma ba ya ba da shaida a kanta.

Sai wata babba mai baki kamar ƙaguwa, ta masu haɗa wutar gidaje da injin niƙa. Na tambayi kuɗinta don in ji kawai, na ajiye ta a hankali. Ko da ina da halin, rabin abin da take yi ba mu da bukatarsa. Mutumin da duniyarsa batirin waya ce da ƙwan tocila ba ya neman abin auna wutar injin.

Ta ƙarshe matsakaiciya ce, an sa mata riga ta roba mai kauri saboda faɗuwa. Ta fi ƙaramar tsada, amma ba ta fi ƙarfina ba in na danne wasu abubuwa a watan. Lambobinta manya ne, tsoho zai karanta ba tabarau. Ita take zaɓar ma'auni da kanta, wato ba sai ka san girman wutar kafin ka gwada ba, ka dai kai abin murɗawa kan alamar batir shi ke nan. Tana da ƙafa a baya da ake buɗewa ta tsaya da kanta a kan tebur. Ƙananan batura take ci irin na rimot, waɗanda kowane mai tireda yake da su. In an manta da ita a kunne tana kashe kanta. Mai shagon ya buɗe bayanta ya nuna mini fis, ya ce in an yi kuskure shi ne zai ƙone, ba mitar ba, kuma yana da irinsa.

Na sa hannuna na dama a aljihu, na gwada komai da hagu kaɗai. Na buɗe ƙafar, na murɗa abin zaɓin da babban yatsa, ya juya ba gardama, robar ta riƙe katako ba ta zame ba. Na haɗa tsinin jar waya da na baƙar, ta yi ɗan kuka, alamar hanya a buɗe take. Na lanƙwasa wayoyin ta kowane gefe ina sauraro ko kukan zai yanke, bai yanke ba. Na sa mai shagon ya ɓare sabon batir muka gwada, ya kawo wani da ya san ya mutu muka gwada, ta faɗi gaskiya a kan kowanne. Matsala ɗaya ta rage: tsini biyu ne, hannu mai ƙarfi ɗaya. Mai shagon ya duba cikin wata kwalba ya fito da 'yan maƙalai masu haƙora da ake sawa a bakin tsini, su ciji abin da ake gwadawa su riƙe. Ya ce waɗannan kyauta ce, a kai wa Malam.

Yana naɗe ta a leda sai ya tsaya.

"Ka san abin da wagga aba za ta hwaɗa mai?"

Na ce na sani.

"To," in ji shi. Ya ƙulle ledar ya miƙo mini da hannu biyu.

Daga kasuwa zuwa gidanmu ba nisa, amma ranar sai da na zagaya ta bakin gulbi. Na zauna a kan wani kwale-kwale da aka kife ina kallon masu wanki. Na yi tunanin in wuce da ita Anka in ce ni na saya wa kaina. Ba wanda zai zarge ni, Inna ma za ta ji sanyi. Abin da ya tashe ni shi ne yatsun nan da na buɗe da hannuna.

Bayan la'asar na shiga zaure. Yana zaune ya jingina da bango, carbi a hannun hagu. Na yaye buhun da ke kan tebur, na kakkaɓe ƙura, na buɗe ƙafar mitar na tsayar da ita.

"Mi kaz zo da shi?"

Na ce, "Mita ce, Baba. Na ga baturan nan sun dame ku, na ce bari mu kama mai laifi."

Ya ɗan yi murmushi da gefen bakin da ke motsi. Son kayan aiki bai bar shi ba. Ya matso, ya ɗauke ta ya juya, ya shafa robar, ya tambayi inda ake kunnawa. Na nuna masa. Na haɗa tsinin biyu ta yi kuka, ya ce in sake. Na gaya masa batirin waya in ya cika zai nuna huɗu ko kusa da haka, in ya sauka ƙasa da uku ya gaji. Ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya sani a karatu, gani ne bai taɓa yi ba.

Inna ta zo ta tsaya a ƙofar da ke shiga cikin gida, da ludayi a hannunta. Ba ta shigo ba.

Shi da kansa ya jawo bokitin da ƙafa. Ya ɗauki na sama, ya duba bayansa, ya ce wannan ya tuna shi, gawa ne tun ran farko. Ya dafe shi a kan tebur da hannun dama, na taya shi saita baƙin tsini, ya ɗora jan da hagu. Lambobi suka yi rawa suka tsaya. Uku da ɗigo tara.

Ya daɗe yana kallon fuskar mitar. Ya ɗaga tsinin, ta koma sifili. Ya mayar, ta dawo inda take. Ya ce in ba shi wani. Na ba shi. Huɗu. Na gaba ya nuna ƙasa da biyu, ya ce, "Ka gani," da ɗan ƙarfi a muryarsa, ni ma na ji daɗi har cikin raina da aka sami mataccen gaske. Amma na bayansa da rai, na bayan wannan ma da rai. Ya jera su a gefen tebur, layin masu rai yana ta tsawo.

Sai ya ajiye tsinin. Ya ɗauki wanda ya nuna huɗu, ya goge bakinsa da gefen riga, ya ɗora a harshe, ya lumshe ido ɗaya. Girarsa ba ta motsa ba. Ya juya shi ya gwada da gefen harshe, ya gwada da ɗaya gefen. Na sunkuyar da kai, don ban iya kallo ba.

Ya miƙo mini. "Sa ga naka."

Na sa. Na yi niyyar in daure, amma fuska ba ta shawara da mutum, tsamin ya sa na ɗan yamutsa. Ya gani.

Ya ajiye batirin a hankali a cikin layin masu rai.

"Tun yaushe kunka sani?"

Na ce, "An ɗan jima, Baba."

"Mai shago ma?"

Na ce shi ma.

Ya gyaɗa kai. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sa yatsa ya taɓa leɓensa, ya taɓa tsinin harshensa, kamar mai duba kayan wani. Sannan ya juya wajen ƙofa inda Inna take tsaye.

"To, miyar hwa?" in ji shi. "Ita ma da daɗinta?"

Ban gane ba a lokacin, don ni baƙon ƙarshen mako ne. Daga baya na ji cewa tun dawowarsa daga asibiti kullum sai ya ture kwano ya ce miya ta zama ruwa, ya ce hannunta ya lalace, ya ce ko ta gaji da shi ne ta faɗa. Matar da ta yi masa girki tun kafin a haife ni. Ita kuma kullum sai ta ce ya yi haƙuri, gobe za ta gyara.

Inna ta dubi ludayin da ke hannunta.

"Gishiri ɗai likita yas sa a rage, Malam," in ji ta. "Daddawa da yaji suna nan yadda kas san su."

Ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai ranar. Ba kuka ya yi ba, ruwa ne kawai ya gangaro ta gefen da ya karkace, bai ma san ya zubo ba sai da ya kai gemu. Ya ce, "Ki yahe min." Ta ce, "Ba komi, Malam, ciwo na," ta juya da sauri ta shige ciki, na ji ta tana ta motsa tukwane da ba su bukatar motsi.

Muka zauna ni da shi. Ya jingina da bango ya rufe ido, numfashinsa na fita da nauyi. Ina kallon jijiyar wuyansa ina tuna abin da Inna ta ce game da mai hawan jini, ina jin kamar na ɗauko wuta da hannuna na kawo gida. Mitar ta gaji da jira ta kashe kanta. Na ce a raina ya isa haka na yau, wataƙila ma ya isa gaba ɗaya. Na miƙa hannu a hankali don in naɗe wayoyin in mayar da ita leda.

Sai na ji hannu a kan nawa. Na dama ne. Yatsun ba su buɗe duka ba, nauyinsu kawai ya ɗora mini, amma shi ya ɗago shi da kansa tun daga cinyarsa har kan tebur.

"Bar ta nan," in ji shi. Ya murɗa abin zaɓin da babban yatsan hagu, lambobi suka dawo. Ya dubi bokitin, wanda ko rabi ba mu ci ba. "Miƙo min na gaba."